Wankan Aku da Ya Kwantar da Inna

Ina farawa da gode wa Allah da Ya bar mini mahaifiyata da ranta. Bayan godiya kuma, gara in faɗa tun yanzu cewa ba da sanyin zuciya nake wannan rubutu ba. Akwai mutumin da ban yafe wa ba, kuma ina so duk mai kiwon tsuntsu a ƙasar Daura ya san abin da ya yi mana, don kada irinsa ya shiga gidan wani.

Sunana Lawal. Direba ne ni, ina jan motar haya daga Daura zuwa Zango da Baure. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataucin goro ya yi, kuma a wata tafiyarsa ya zo mana da aku daga Kurmi tun ina firamare. Toka-toka ne mai jar wutsiya, muka sa masa suna Ɗan Kurmi. Mu muka girma muka yi aure muka fita, shi yana nan cikin kejinsa a rumfar tsakar gida. Ya iya sallama, ya iya tarin Baba, ya iya cewa "Hajiya, ruwan alwala" da muryar Baba sak, har baƙo ya waiwaya. Da Baba ya rasu na yi na yi da Inna ta dawo gidana, ta ƙi. Ta ce ita da Ɗan Kurmi sun ishi juna.

Tun ina yaro na san yadda take masa wanka. Da hantsi takan ajiye faffaɗan kwano da ɗan ruwa a gefen rumfa, ta buɗe keji. Shi da kansa zai sauko ya shiga, ya yi ta fantsama, ya fito ya hau kan turmi yana gyaran gashi a rana. Ba sabulu, ba komai.

Bayan rasuwar Baba sai ya fara tsigar gashin ƙirjinsa. Kafin bazara ta yi nisa ƙirjin ya zama fata zalla. Abin ya dami Inna ƙwarai, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Cikin masu shigowa har da Sule, wan mijin ƙanwata Jummai. Sule yana baza leda a kasuwannin ƙauye yana sayar da maganin dabbobi da na feshin gona. Mutane suna ce masa Dakta, shi kuma yana amsawa, alhali ko ƙofar makarantar aikin bai taɓa leƙawa ba. Ya dubi tsuntsun ya ce kwarkwata ce, kuma yana da maganinta.

Washegari ya dawo da wata 'yar kwalba marar takarda. Kamar yadda Inna ta gaya mana daga baya, shi da hannunsa ya tsiyaya maganin cikin robar ruwa, ya juya da kara. Ya ce ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa da taga don kada iska ta kama tsuntsun, ta tsoma shi har wuya, ta cuɗa ruwan ya ratsa fata sosai. Ta tambaye shi ko zai ci mata hannu, don warin ya yi mata ƙarfi. Ya ce, "Haba Hajiya, ko jariri aka wanke da shi ba abin da zai same shi." Ya hau babur ɗinsa ya tafi kasuwar Sandamu.

Ina tasha ina jiran mota ta cika sai ga wayar matata Hassana, wadda ta je kai wa Inna abinci. Ihu kawai take yi. Na sauke fasinjojin da suka shiga na ba su haƙuri, na taho.

Na tarar da Inna kwance a bakin ƙofar ɗaki, zanenta jiƙe sharkaf, ta rungume Ɗan Kurmi a ƙirji. Ya riga ya mutu, ƙafafunsa sun ƙanƙame. Ita kuwa gumi na zuba kamar an kwara mata ruwa, miyau na dalala, ta yi amai ta yi gudawa a wurin. Ƙirjinta na ƙara kamar tafasar tukunya. Naman fuskarta na rawa shi kaɗai. Ɗakin kuma wari ya cika shi, irin na gonar wake in an yi feshi.

Kafin in ɗauke ta maƙwabta sun cika gidan, kowa da nasa. Wata ta ce a ɗura mata manja. Wata ta ce madara. Wani ya ce ciwon amai da gudawa ne, kada kowa ya taɓa ta. Kawu Iro, ƙanen Inna, ya ce shi dama ya daɗe yana faɗa, tsuntsun da ke magana da muryar mamaci ba tsuntsu ba ne, a kawo turare a kira malami. Har an kawo manjan a cokali, Hassana ta ture hannun matar ta ce mutumin da ba ya iya haɗiye miyansa ba a ɗura masa komai. Ita ce kuma ta yi dabarar ɗauko kwalbar ta ƙulle a leda. Na saɓi Inna na sa a mota.

A asibiti mai ba da kati ya ce in bi layi. Na ce masa uwata na mutuwa a mota, ya ce kowa a nan da marar lafiyarsa ya zo. Allah Ya sa wata nas ta zo wucewa, ta leƙa motar, warin ya buge ta, ta ƙwala wa likita kira. Wani matashi ne siriri. Ya buɗe idon Inna, ya nuna mini ƙwayar ta tsuke ta koma kamar kan allura. Ya shinshina ledar daga nesa. Maganarsa har yau tana kunnena: "Gubar tana jikin zanen nan, har yanzu shiga take yi. Ku cire komai, ku wanke ta da sabulu tun daga kai." Hassana da nas ɗin suka ja labule suka yi mata wanka. Aka sa ƙarin ruwa, aka shiga yi mata wata allura ana maimaitawa, ana sauraron ƙirjinta, ana ƙarawa. Da ta asibiti ta ƙare, ni na yi ta zagaye shagunan magani na garin ina nema.

Satin farko ban san dare da rana ba. Allurar ta busar da ƙirjin, amma ta sa Inna sambatu. Takan fizge robar ƙarin ruwa, ta ce a buɗe keji rana ta yi. Jummai ta zo ta zauna a gefen gado tana kuka, ba ta iya haɗa ido da ni. A rana ta uku Inna ta farfaɗo, ta gane mu, har ta sha koko. Muka yi ta hamdala, Kawu Iro ya fara maganar a nemi sallama a ƙarasa a gida da rubutu. Likitan ya ce a'a, irin wannan guba takan yi kamar ta tafi ta dawo.

Ta kuwa dawo. Bayan 'yan kwanaki, da safe na ɗago ta zan ba ta shayi sai kanta ya faɗi baya kamar na jariri, wuyan ya kasa riƙe shi. Muryarta ta shige, numfashi ya koma sama-sama. Likita ya rubuta mana takarda ya ce mu wuce Katsina yanzu, can ne ake da na'urar da za ta taimaka mata da numfashi. A hanya ina zaune kusa da ita a motar asibiti, ta kama yatsana. Ni ne ɗanta na fari, tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wannan" ko "Direba". Ran nan na sa kunne a bakinta na ji ta ce, "Lawal."  Na juya fuska ga taga don kada nas ta gani.

Sati na biyu da na uku a Katsina muka yi su. Ba a barin kowa ya zauna da ita, sai leƙe ta gilashi. Muna kwana a barandar asibiti kan tabarma tare da 'yan jinyar wasu, sauro na cinmu, kowa na jiran a kira sunan nasa. Motata tana ajiye a Daura ba ta kawo komai. Ragon da nake turka wa layya ya tafi, keken ɗinkin Hassana ya bi shi. Amma ba zan manta alherin direbobin tasharmu ba. Suka yi karo-karo suka aiko, daga baya wani ya karɓi motata yana ja yana kawo wa yarana cefane, bai taɓa cire ko na shan ruwa ba. Wata tsohuwa 'yar jinya daga Jibiya, da ban san ta ba, kullum sai ta raba furarta biyu ta miƙo wa Hassana. Allah Ya saka musu.

Sule kuwa sau ɗaya ya zo, da ledar lemo. Na ja shi gefe na tambaye shi me ya ba Inna. Ko gezau bai yi ba. Ya ce shi ɗigo biyu ya ce ta sa a bokiti, ta yayyafa daga nesa, tsufa ne ya sa ta juye. Ya ce, "Ka san tsofaffi da gaggawa." Yana faɗa ne don ya san tana kwance da roba a maƙogwaro, ba ta iya ƙaryata shi. Na dube shi, na dubi lemon. Wallahi da ba a asibiti muke ba, ban san abin da zan aikata ba. Na ce ya ɗauki ledarsa ya fita. Kafin in koma Daura labarinsa ya riga ni: wai Hajiya ta rikice tun rasuwar mijinta, ta yi wa kanta illa.

Da aka cire mata robar, muryarta ta dawo a dishe, abin da ta fara tambaya shi ne inda aka sa Ɗan Kurmi. Hassana ta ce ta binne shi a gindin dalbejiyar bayan gida. Hawaye ya bi gefen kunnen Inna. Sannan ta ba mu labari tiryan-tiryan, yadda Sule ya haɗa ruwan da kansa, yadda tsuntsun ya yi ta kururuwa yana cizon ta tana lallashinsa tana cewa ya yi haƙuri magani ne, yadda ya fara karkarwa a hannunta ta rungume shi a jiki don ta ɗauka sanyi yake ji. Jummai tana wurin, ta ji komai.

Aka sallame mu muka dawo, wannan karon gidana, ba ta yi gardama ba. Muka ɗauka an gama. Wajen sati na biyar ta fara cewa tafin ƙafarta na yi mata kamar tana taka ƙaya, 'yan maraƙanta na ɗaurewa. Sai takalmi ya riƙa zare mata ba ta sani ba. Wata safiya ta tashi za ta yi alwala ta kife a tsakar gida. Nan ma masu shawara suka dawo. A shafa man kaɗanya da tafarnuwa, a yi tsaga, a kai ta wurin wani mai magani a bayan Baure. Kawu Iro ya ce ai ga shi, abin da ke jikin tsuntsun ne ya koma ƙafarta. Muka koma wurin likitan farko. Ya ƙwanƙwasa gwiwa da idon sawu, ya ce gubar ce ta taɓa jijiyoyi, sai haƙuri da masu gashin ƙashi, wata ƙafar takan dawo, wata ba ta dawowa duka. Tun daga nan duk sati sai na goya Inna daga mota zuwa benci, mu bi layi tun safe har azahar don motsa jiki na ɗan lokaci. Matar da a da take surfe da kanta tana da jikoki, ita ce Hassana ke kaiwa bayi.

A cikin wannan zirga-zirga na ɗauki kwalbar na kai asibitin dabbobi. Likitar da na samu ta buɗe ledar ta rufe da sauri. Ta ce maganin feshin gona ne mai ƙarfi aka juye a wata kwalba, ko a gona sai da safar hannu da abin rufe hanci. Na ba ta labarin tsigar gashin. Ta ce da wuya a ce kwarkwata ce. Aku yakan tsige kansa in ya rasa wanda ya saba da shi, ko in zafi da bushewa sun dame shi. Na tambaye ta to da me ake masa wanka. Ta ce da ruwa. Ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, ba mai sanyi ƙarara ba, a kwano marar zurfi, da safe don ya bushe kafin yamma, a bar shi ya shiga da kansa, in ya ƙi a ɗan yayyafa masa sama-sama. Ba a danna shi cikin ruwa, ba a sa sabulu ko kananzir ko wani magani, don suna wanke maiƙon gashin su ƙona fata, kuma duk abin da ke gashinsa sai ya kai baki. In ana zargin ƙwari a kawo shi a duba. Ina tsaye ina jin ta tana lissafa mini abin da Inna ta shekara da shekaru tana yi, kafin wani ya zo ya ce mata bai isa ba. Masu tattabaru da masu kanari, ku riƙe wannan.

Daga ranar na fara aikina a kan Sule. Duk fasinjan da ya shiga motata sai ya ji labarin kafin ya sauka, da sunansa da kalar babur ɗinsa da inda yake baza leda. Ran kasuwar Zango na faka mota daf da shi, na kashe, na zauna a kan bonet. Duk wanda ya tsuguna zai sayi abu sai in ce, "Malam, tambaye shi yaya jikin Hajiya." Haka na yi a Baure, haka na yi a Sandamu. Direbobinmu suka daina ɗaukar kayansa. Likitar dabbobin ta kai maganar gaba, aka zo aka kwashe kwalabensa da ba su da takarda. Mijin Jummai ya hana ta zuwa gidana. Wannan ya yi mini ciwo, amma ban fasa ba.

Da abin ya ishi Sule da danginsa sai suka haɗo manya. Kawu Iro ya jagorance su, da limamin unguwarsu Sule, da mijin Jummai, da shi kansa Sule yana sunkuyar da kai. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gidana. Liman ya yi nasiha mai kyau a kan zumunci da ƙaddara. Kawu ya ce, "Lawal, ka isa haka. Ka hana bawan Allah neman abinci, ga auren ƙanwarka na rawa." Sule ya ce shi dai tsautsayi ne, maganin ba ya cutarwa in an bi ƙa'ida, amma duk da haka a yafe masa.

Inna tana zaune a kan kujera, sandarta a gefe. Ta ce, "Hassana, kawo."

Hassana ta fito da roba cike da ruwa fari fat, ta ajiye a gaban Sule. Ban san da wannan shiri ba. Irin maganin nan in ya haɗu da ruwa fari yake komawa, kowa a wurin manomi ne, kowa ya sani. Liman ya ɗan ja baya.

Inna ta ce, "Sule, sauran na kwalbarka ne. Daidai yadda ka haɗa mini na haɗa. Ka ce ko jariri aka wanke da shi ba komai. Wanke hannunka zuwa gwiwar hannu, ka shafa a fuska, in yafe maka a gaban Liman."

Ya dubi robar. Ya dubi Kawu. Ya ce, "Hajiya, ai abin ba haka..."

"Sa hannunka."

Ya tura hannayensa biyu ƙarƙashin riga. Gumi ya keto masa.  Liman ya ce, "Malam Sule, ashe ka san abin da ke ciki?" 

Inna ta sunkuya da ƙyar, ta tsoma hannunta cikin robar, ta ɗebo ta kurɓa. Na zabura. Ta ce, "Zauna, kai wannan. Nono ne da ruwa." Sannan ta juya ga Sule. "Ka ji tsoron nono saboda hannunka. Ni ka rufe ni a ɗaki da guba, ka tafi kasuwa. Ka kashe mini abin da maigidana ya bari, ka karya mini ƙafa, sannan ina kwance ka ce na haukace. Je ka. Ni da kai sai gaban Allah."

Kawu Iro ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Shi ne ƙane, ya rufe. Mijin Jummai ne ya fara tashi, bai ko dubi wansa ba. Bayan kwana biyu ya kawo Jummai da kansa ta wuni.

Yanzu Inna tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa rumfa, ƙafar hagu tana ja. Ta dama ta dawo, alhamdu lillahi. Wani abokina ya ce zai samo mata wani akun, ta ce kada ya soma. Sule ya bar sayar da magani, na ji an ce ya koma dillancin awaki. Mutane suna ce mini tunda ya bari ai sai in huce. Su ba su goyi uwarsu zuwa bencin asibiti ba.

Kwanakin baya ina dawowa daga Baure da rana tsaka, mota cike, sai na hango mutum a gefen titi yana tura babur, taya ta fashe, ba gari kusa, ba inuwa. Ya ɗago hannu. Na rage gudu har na zo daidai shi, ashe Sule ne, muka haɗa ido, ya gane ni, hannun ya sauka a hankali. Na sa giya na wuce.

Wani dattijo da ke gidan gaba ya ce, "Direba, ga wuri a but ɗin baya, ga mutum a rana. Ba ka tsoron Allah ne?"

Na ce, "Ina tsoronSa, Baba. Shi ya sa ban bi ta kansa ba."